Tsige furfura: wa ya taɓa yi, me ya gani?

Uwargida daga Sharamansur, Makka: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya mai kitsona ta gano min furfura uku a gefen kai. Na ce ta tsige, ta ƙi, wai in aka tsige ɗaya bakwai ke fitowa. Shekarata 34. Don Allah wanda ya taɓa tsigewa ya faɗa mana gaskiya.

'Yar Karantina, Jidda: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni shekara shida na yi ina tsigewa da hantsaki, duk Juma'a in tsaya gaban madubi. Bakwai ba su fito ba. Wadda na cire dai ita ke dawowa, fara fat, gajeriya kuma a miƙe, ta fi da fitowa fili. Abin da ya dame ni har yau, gaban goshina ya yi ƙwal, wurin nan gashi ya daina tsirowa. Da na sani da almakashi na riƙa datsewa. Ki gode wa mai kitsonki ko da dalilinta ba daidai ba ne.

Ma'aikaciyar jinya a Madina: Gaskiyar Yaya ce. Kowane gashi da saiwarsa, kuma a saiwar ne ƙwayoyin da ke yin sinadarin melanin suke, shi ke baƙanta gashi. In suka daina aiki gashin wurin ya fito fari, cire shi ba ya taɓa saiwar maƙwabcinsa. Abin da ke ruɗin mutane, lokacin da aka fara tsigewa dama sauran ma lokacinsu ya gabato. Amma yawan fizga na lalata saiwar. Galibi gado ne, ki duba iyayenki. Sai dai ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo da shan taba na iya gaggauto ta, don haka in kina yawan kasala ki je a auna jininki.

Wanzami a Misfala, Makka: Gemun maza na fi gani. Mai tsigewa ƙuraje ke feso masa, gashin ya koma cikin fata.

Wani dattijo a Makka: 'Yata, ban da maganar likita akwai ta addini. Abu Dawuda ya ruwaito hanin Manzon Allah (SAW) a kan tsige furfura, domin haske ce ga Musulmi ranar ƙiyama. Rini kuwa an yarda da shi. Ranar buɗe Makka aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari tas, aka ce a sauya launin amma a guji baƙi. Ni lalle da katam, wani ganye da ake rini da shi, nake haɗawa. Kuma in kin yi harama da Hajji ko Umara, kada hannunki ya kai ga gashi ko ɗaya.

Uwargida daga Sharamansur: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na bar su. Yaya ta Jidda, kin gwada lallen? Yana kama gajerun nan na gaban goshi kuwa?