Wa ya taɓa shiga jirgin ƙasa na cikin gari? Ɗana zai tafi Rabat

Alhaji Sale, Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona ya samu karatu a Rabat, babban birnin Maroko, an ce masa da jirgin ƙasa ake zuwa jami'a kullum. Ni kuwa jirgin da na sani shi ne na Ngaundare zuwa Yawunde, wanda ake shiga da yamma a kwana a ciki. Waɗanda suka gani da idonsu su taimaka mana, hankalin uwarsa bai kwanta ba.

Hadiza, Kusiri: Wa alaikumus salam Baba. Shekara uku na yi a can. Taram suke ce masa, tun 2011 yake aiki, yana ƙetare kogin Buragrag tsakanin garin Sale da Rabat, kuma layi na 1 ne ke kaiwa unguwar jami'o'i, Al Irfan. Tashar ba irin ta Ngaundare ba ce. Dakali ne kawai a bakin titi, da rumfa da wurin sayen tikiti. Ranar farko ina tsaye ina jiran ƙofa ta buɗe da kanta, ashe maɓalli ake dannawa. Jirgin ya tafi ya bar ni, sai wata dattijuwa ta nuna mini yadda ake yi. Ku gaya masa kuma in ya shiga ya sa tikitin a na'ura ta buga. Saye kaɗai bai isa ba, masu dubawa na cin tara.

Malam Buba, Marwa: Ni a Adis Ababa na shiga nasu, na je sarin kaya kasuwar Markato. Cunkoson safe ya fi ƙarfin mai kaya, dole na fita na nemi mota. Yaron ya riƙe jakarsa ta gaba.

Hajiya Zara, Injamena: Alhaji, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirunsa. Da lantarki yake tafiya, ba ka jin ƙugi sai 'yar ƙararrawa. Mun saba da jin mashin tun daga nesa kafin mu tsallaka. A Kasablanka wani saurayi ne ya fizgo ni da mayafi daga kan layin dogo, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Yaran nan kuma ga abin sauraro a kunne kullum.

Alhaji Sale, Garwa: Allah ya saka da alheri. 'Yata Hadiza, yana kaiwa bayan isha'i? Wasu darussan nasa na yamma ne.

Hadiza, Kusiri: Yana kaiwa Baba, na sha dawowa da shi daga laburare bayan isha'i.