Wace shimfiɗa ake sawa a ƙarƙashin kafet?

Salam jama'a, don Allah masu sani ku taimaka. Kafet zan sa a falo, ƙasan siminti ne kuma yana ɗan yin danshi, to abin da ake shimfiɗawa kafin kafet ɗin shi ya tsayar da ni. Wani ya ce in sa soso mai kaurin milimita 10 ko 12 don laushi, wani ya ce a'a roba ta fi, wai soso lotsewa yake a inda ake yawan takawa da ƙarƙashin kujeru. Ni dai laushin nake so gaskiya, amma in kaurin ya yi yawa ƙofa ba za ta buɗu ba. Kaurin ake dubawa ko tauri? Kuma sai an fara sa leda saboda danshin?