Muhawara: shin ya dace a rubuta zaɓuɓɓukan gini masu haɗari a jagorar FreeBSD?

Injiniya: Assalamu alaikum. Duk wanda yake so ya gina FreeBSD, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da kansa daga tushe, wato daga ainihin rubutun manhajar, yakan rubuta zaɓinsa a fayilolin /etc/src.conf da /etc/make.conf kafin ya ba da umarnin make buildworld, kuma shafin jagora na src.conf ya jera waɗannan zaɓuɓɓuka, waɗanda yawansu ya haura ɗari. A cikinsu akwai WITHOUT_SSP, wanda ke cire kariyar da ke tsayar da manhaja idan aka yi ƙoƙarin cika ma'ajiyarta ta tumbatsa don a ƙwace ta, akwai kuma WITHOUT_RESCUE, wanda ke hana gina kayan ceto na /rescue. Ra'ayina shi ne a cire irin waɗannan daga jagora, a bar su cikin fayilolin gini inda ƙwararru kaɗai za su iske su, domin sabon shiga yana ɗaukar duk abin da ya gani a jagora a matsayin abin da masu aikin suka yarje masa ya taɓa.

Malama: Wa alaikumus salam, Injiniya. Ban yarda da kai ba, kuma dalilina na farko shi ne abin da kake son ɓoyewa ba ya ɓoyuwa. Tushen tsarin a buɗe yake, sunayen zaɓuɓɓukan suna nan a fayiloli irin su src.opts.mk, kuma umarnin bincike na grep guda ɗaya ya isa ya fito da su. Idan ka cire bayaninsu daga jagora, zaɓin yana nan daram, gargaɗin ne kawai ya tafi. Mutum zai ga sunan a saitin wani, ya kwafa ya liƙa a nasa, ba tare da ya san cewa kayan /rescue an gina su ne ta yadda ba su dogara da ɗakunan karatun manhaja na tsarin ba, wato guntayen manhaja da sauran manhajoji ke aro, domin ranar da waɗannan suka lalace ya samu abin da zai yi gyara da shi. Wanda ya cire su bai sani ba, sai ranar da kwamfutarsa ta ƙi tashi zai gane abin da ya zubar.

Ka dubi abin da ya faru da zaɓin -ffast-math na GCC, manhajar harhaɗawa da ke mayar da rubutun manhaja zuwa abin da na'ura ke aiwatarwa. Wannan zaɓi yana ba manhajar harhaɗawa izinin ɗauka cewa lissafi ba zai taɓa fitar da sakamako marar iyaka ko wanda ba lamba ba, har takan goge binciken da mai rubuta manhaja ya sa don kama irin wannan sakamako. Mafi muni, kafin GCC 13 na shekarar 2023, idan aka gina ɗakin karatun da manhajoji ke yin tarayya a kai da wannan zaɓi, ana haɗa shi da wani ɗan guntu da ke sauya yadda na'ura ke lissafin ƙananan lambobi ƙwarai, ta riƙa mayar da su sifili, kuma sauyin yana shafar dukkan manhajar da ta ɗauko ɗakin karatun. A 2022 aka gano cewa wasu kunshin harshen rubuta manhaja na Python, ciki har da gevent, suna jawo wannan, har kunshin lissafi na NumPy yana ta fitar da gargaɗi ga mutanen da ba su taɓa sa zaɓin da hannunsu ba.

Injiniya: Malama, misalinki ya fi ƙarfafa maganata. Ai -ffast-math a rubuce yake a jagorar GCC, tare da gargaɗin cewa yana iya ba da sakamako marar daidai, amma duk da haka mutane suka yi amfani da shi domin sun ga kalmar sauri a sunansa. Rubutun bai hana komai ba, sai ma tallata shi da ya yi.

Malama: Gargaɗin da jama'a suka sani yana magana ne a kan lissafin manhajar da kai ka gina, kuma mutum yana iya cewa ya yarda da wannan asarar a kan kayansa. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne illar tana tsallakawa zuwa kayan wasu. Saboda haka matsalar ta ƙarancin bayani ce, kuma maganinta shi ne a faɗi ainihin abin da zai lalace da kuma wanda zai shafa.

Alhaji: Ku yi mini haƙuri in shigo, domin akwai ɓangaren da ku biyun ba ku taɓa ba, wato nauyin da ke kan masu kula da tsarin, waɗanda da yawansu 'yan sa-kai ne. Zaɓi 20 kacal, kowanne a kunne ko a kashe, yana haifar da hanyoyin gini 1,048,576, to ina ga sama da ɗari? Babu ƙungiyar da za ta iya gwada su duka. Da zarar an rubuta zaɓi a jagora, wanda ginin ya karye masa zai kawo ƙorafi yana ganin haƙƙinsa ne a gyara masa, kuma wani zai ɓata daren sa yana neman kuskuren da ba ya faruwa a ginin da kowa ke amfani da shi. Wannan ne ya sa mutanen OpenBSD, wani tsari ɗan'uwan FreeBSD, suka tsaya a kan cewa kanel ɗinsu, wato zuciyar tsarin, na gama-gari mai suna GENERIC suke tallafawa, kuma wanda ya gina nasa ya gamu da matsala, za a ce masa ya fara nuna ta a kan GENERIC tukuna.

Malama: Gaskiya ne, Alhaji, kuma ban raina wannan nauyi ba. Sai dai OpenBSD ɗin ba su ɓoye zaɓuɓɓukan ba, suna da shafin jagora na options da ya bayyana su. Abin da suka yi shi ne raba bayani da alƙawarin tallafi. FreeBSD ma ta yi haka a shafin make.conf, inda aka faɗa ƙarara cewa matakan inganta gudu waɗanda ba -O ko -O2 ba, ba a tallafa musu. Wanda ya karanta wannan sannan ya sa -O3 ya san a kan ƙafarsa yake tsaye, kuma mai amsa ƙorafi yana da layin da zai nuna masa.

Auta: Malamaina, ina da tambaya, kuma ina neman afuwa idan na yi gaba da manya. A tsarin Linux an daɗe ana da alamar CONFIG_EXPERIMENTAL, wadda ke nuna cewa abu na gwaji ne, amma a 2013 aka cire ta saboda kusan kowa yana kunna ta, har masu rarraba tsarin ga jama'a, ta kai ga ba ta nuna komai. Idan aka cika jagorar FreeBSD da gargaɗi a kan kowane zaɓi, me zai hana ido ya saba da su ya daina gani?

Alhaji: Tambayarka tana kan hanya, ɗana. Alamar ta mutu ne domin an manna ta a kan komai, da abin da ya nuna da wanda bai nuna ba, kamar a rubuta kalmar haɗari iri ɗaya a kwalbar maganin ƙwari da ta maganin tari. Amma Linux tana da wata dabara ta daban: zaɓin da aka san ya lalace ana rataya shi a kan BROKEN, sai ya ɓace daga jerin da mai gini ke gani. A nan nake ganin Injiniya yana da rabin gaskiya. Zaɓin da ke da haɗari amma yana aiki, kuma wani yana da buƙatarsa ta gaske, kamar mai gina tsari don ƙaramar na'ura mai ƙarancin wurin ajiya da ba zai iya ɗaukar /rescue ba, wannan a rubuta shi. Zaɓin da babu mai gwada shi kuma babu mai kula da shi, bai kamata a tsaya ga ɓoye shi ba, a cire shi daga tushen gaba ɗaya.

Injiniya: Na karɓi wannan rabe-raben, Alhaji, amma ina nan a kan bakana game da WITHOUT_SSP. Ɗan gudun da ake samu idan aka cire kariyar bai kai haɗarin ba, kuma bai dace a jera shi kusa da zaɓin cire wasanni ba, a shafi ɗaya, da rubutu iri ɗaya, kamar nauyinsu ɗaya ne.

Malama: A kan tsarin jerin muna tare. Shafin src.conf ana samar da shi ne daga ƙananan fayilolin bayani da ke tools/build/options, kowane zaɓi da nasa, kuma da yawansu jimla ɗaya ce ko biyu. Ke nan gyaran ba mai wahala ba ne: a ƙara wa na WITHOUT_SSP jimlar da ta ambaci irin harin da kariyar ke tarewa, a ƙara wa na WITHOUT_RESCUE cewa mai cire shi ya tanadi wata hanyar tada na'ura, kamar filashin da ke ɗauke da tsarin. Injiniya, idan ka rubuta na farko, ni zan rubuta na biyu, Alhaji ya duba mana Turancin da ma'anar kafin mu aika wa masu kula da tushen.

Injiniya: Zan rubuta, amma zan haɗa da shawarar a ware zaɓuɓɓukan da ke rage tsaro a sashe nasu na daban, kuma ginin ya riƙa fitar da saƙo a allo duk lokacin da aka kunna ɗayansu, domin mai kwafar saitin wani ba ya buɗe jagora.