Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: tarbiyya kaɗai ake nufi?

Manomin Gezawa: Jama'a, mun saba jawo wannan karin magana kan tarbiyya. Ni kuwa ina ganin asalinta aikin hannu ne. Ɗaura wa ɗanyen duma igiya a tsakiya, gefe biyu su ci gaba da girma, wurin ɗaurin ya tsuke. Igiya ta tare hanya kawai, girman ne ya yi siffar.

Malamar Asibiti, Ringim: Baba, haka jikin ɗan Adam yake tun a ciki. Hanjin ɗan tayi ya fi tantanin da ke riƙe da shi saurin tsawo, dole ya naɗe. Wajen mako na 6 ma cikin ba ya ɗaukarsa, sai ya fita cikin igiyar cibiya, ya koma wajen mako na 10.

Inda maganar ta fi zama daram shi ne jaririn da aka haifa ƙafarsa a murɗe ciki. Ƙasusuwan ƙafar yawanci guringuntsi ne tukuna. A hanyar Ponseti, wato yadda ake gyara irin wannan ƙafa a asibiti, kowane mako a juya ƙafar kaɗan da hannu, a sa siminti daga yatsu har cinya, sau 5 zuwa 8. Yawanci sai an ɗan yanke jijiyar agara, siminti na ƙarshe ya yi mako 3. Sannan takalma biyu da sandar ƙarfe ta haɗa su, awa 23 kullum har wata 3, daga nan da dare kawai zuwa shekara 4 ko 5. Nan iyaye ke gajiya, abin tausayi, su cire takalmin, ƙafar ta sake murɗewa saboda yaron bai gama girma ba.

Ungozomar Bichi: 'Yata, ki ƙara da gargaɗi. Da wannan karin maganar wasu ke kafa hujjar matsa kan jariri wajen wanka, wai a gyara shi. Kuskure ne. Ƙwaƙwalwa ce ke tura ƙoƙon kai daga ciki, shi ya sa maɗiga ke buɗe har wajen wata 18. Tsawon da kan jariri ke yi wajen naƙuda da kansa yake komawa daidai cikin 'yan kwanaki.

Manomin Gezawa: To Inna, goyo fa?

Ungozomar Bichi: Goyo alheri ne, cinyoyi a ware, kan ƙashin cinya na zaune cikin gurbinsa na ƙugu. Naɗe ƙafafu a miƙe tamau cikin zane ne ke iya gurɗa shi.