Mai gidan haya zai ƙara mana dala 300, ku ba ni shawara

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Watanmu takwas ke nan a Kanada, muna Brampton a lardin Ontariyo. Baban Khalifa ne kaɗai ke aiki, ni ina gida da yara uku. Haya ta cinye fiye da rabin albashi, ga cefane, sai kuma jiya mai gidan hayar ya turo saƙo ta waya wai zai ƙara dala 300 daga wata mai kamawa. Wallahi ban runtsa ba. Waɗanda suka riga mu zuwa, yaya kuke yi?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Ku dakata, kada ku biya tukuna. A Ontariyo ba a ƙara haya sai mai haya ya cika wata 12 a gidan, kuma dole a ba shi sanarwa a takardar hukuma kwana 90 kafin ƙarin ya fara aiki. Saƙon waya ba sanarwa ba ce. Sannan ku binciko yaushe aka fara zama a gidan. In kafin 15 ga Nuwamba 2018 ne, gwamnati ke yanka iyakar ƙarin, a 2025 kashi 2.5 cikin ɗari ne. In bayan nan ne, babu iyaka, amma sharaɗin wata 12 da kwana 90 yana nan. Kuna haɗa kicin ko banɗaki da shi?

Maman Khalifa: A'a Malam, ƙasan gidan muke, ƙofarmu daban, komai namu daban.

Malam Bashir: Madalla, dokar ta shafe ku ke nan. Ku amsa masa a rubuce cikin mutunci, ku adana komai.

Hajiya Rabi: Ƙanwata, sannu. Ni tambayata ita ce kuɗin tallafin yara da gwamnatin Kanada ke bayarwa, CCB, kin nema? In kuna da takardar zaman dindindin za ki iya nema yanzu, in kuma bizar aiki ko ta karatu ce sai kun yi wata 18. Kuma don Allah ki cike takardun haraji kowace shekara kafin 30 ga Afrilu, ke da shi duka, ko da ba ki samu ko sisi ba. Ni shekarata ta biyu a Kalgari na ce ai ba na aiki, me zan cike? Yuli na zuwa kuɗin suka tsaya cak. Na tsaya a kanti da madarar jariri a hannu, kati ya ƙi wucewa, sai mayar da ita na yi. Daga baya an biya ni, amma na ji jiki. Akwai masu sa-kai da ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta, ki tambaya a ɗakin karatu na unguwarku.

Yusuf: Anti, ki sauke manhajar Flipp, tana nuna rangwamen kantuna na mako. A No Frills da FreshCo in kin nuna musu farashin wani kanti da ya fi sauƙi, sukan sayar miki a hakan. Rigunan sanyin yara kuma kada ki sayi sababbi, Value Village ko Facebook Marketplace sun wadatar, a shekara ɗaya suke yi wa yara kaɗan.

Alhaji Sale: Duk sun faɗi gaskiya. Nawa jan kunne ne kan katin bashi. Ruwansa ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari a shekara, ga nauyin riba a wuya. Abin da kuka ci da shi ku biya gaba ɗaya kafin wa'adi. Aike gida ma a yanka masa adadi a wata, a gaya wa 'yan'uwa gaskiyar yadda rayuwa take a nan, ba abin kunya ba ne. Nama kuwa mu watanda muke yi, gida takwas, mu sayo saniya a gona a yanka mana a mayankar halal, kowa ya cika firizarsa.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri, na ji sanyi a raina. Hajiya, ban nemi na yaran ba, yau zan fara. Alhaji, akwai gurbi a watandar?

Alhaji Sale: Akwai kaso ɗaya, wani ya koma Edmonton. Ki ce wa Baban Khalifa ya same ni bayan sallar Juma'a.