Wai da gaske akwai sukari a tsakanin taurari?

Baban Yara: Salam jama'a. Malama, ɗiyata ta dawo jiya tana ce min kin faɗa musu a aji wai akwai ruwa har da sukari a tsakanin taurari, ni kuma abin da aka koya mana shi ne can sama fanko ne, ba iska ba komai. Dan Allah kar mu riƙa cusa wa yara abin da ba mu da tabbas a kansa, wa ya je can ya ɗanɗana?

Malama: Wa'alaikumussalam Baba. Eh ni na faɗa kuma ina nan a kai. Akwai manyan gizagizai na iska da ƙura a can, sanyinsu ya kai wajen digiri 263 ƙasa da sifiri, atam, wato ƙwayar zarra da komai ya ginu da ita, na yawo sai ya manne a jikin ƙwayar ƙura ya tarar da ɗan uwansa su haɗe, haidirojin 2 da oksijin 1 ga ruwa nan ya daskare. Ƙwallo na shafa wa gam na sa yaran suna jefa masa maɓallai kala biyu, da ka ga yadda suke ihu in uku sun haɗu wuri ɗaya.

Baban Yara: Toh naji, amma ƙwallon a hannunki yake. Na can ɗin ta yaya aka gani?

Ɗalibin Kimiyya: Baba kamar rediyo ne. Kowane molekul, wato atam da suka haɗe wuri ɗaya, yana juyi yana fitar da sigina a mitarsa shi kaɗai, a gwada a ɗakin bincike a rubuta mitar, sai a juya farantin kama sigina sama, in aka kama irinta an san shi ne. Da haka aka gano amoniya a 1968, ruwa a 1969, yanzu ire-iren molekul da aka gano sun haura 300, cibiyar hangen sama ta ALMA da ke Chile kaɗai faranti 66 ne. Amma Malama ki yi haƙuri, maganar sukari gaskiya ban goyi bayanki ba. Abin da aka gano a 2000 a gajimaren Sagittarius B2 sunansa glycolaldehyde, atam 8 ne kacal, sukarin da yaro ya sani kuwa 45 ne, in kin ce sukari shi farin nan zai hango yana zuba daga sama.

Malama: Ƙanina yaro ɗan shekara 9 fa, so kake in ce masa glycolaldehyde? Su kansu masanan "sukari mafi sauƙi" suke kiransa.

Anti: Ku ce ɗan uwan sukari mana, ba ƙarya kuma yaro zai riƙe. Ni abin da ke damuna abin da yaro ya ji daga bakin malamarsa da wuya ya fita, ko ya girma.

Baban Yara: Ni dai har yanzu sigina kuke ce min. Ba wanda aka riƙe a hannu?

Ɗalibin Kimiyya: Akwai. Dutsen Murchison da ya faɗo daga sama a Ostireliya a 1969, a 2019 aka sanar an samu ribose a cikinsa, shi kam sukari ne sosai, yana cikin RNA, wani sinadari mai ɗaukar saƙon halitta a jikinmu.

Baban Yara: Dutsen da ya shekara 50 a duniya? Ai komai zai iya shiga cikinsa.

Ɗalibin Kimiyya: Wallahi tambayarka a kan hanya take, shi ya sa NASA ta tura kumbo har dutsen Bennu da ke yawo a sararin samaniya ya ɗebo ƙasarsa wajen giram 120 a rufe ya kawo a 2023, aka samu amino asid 14 cikin 20 ɗin da jiki ke gina furotin da su.

Baban Yara: Ruwan na yarda. Sukarin dai Malama a gyara musu.

Malama: Ran Litinin in sha Allah zan ce musu ɗan uwan sukari, in jera maɓallai 8 gefe ɗaya 45 gefe ɗaya su ƙirga da kansu. Amma fanko kam ba zan ce musu ba Baba.