"Yabon gwani ya zama dole" ko "ihu bayan hari": wacce ta dace da taurarin da suka rasu?

Ɗan Raga: Assalamu alaikum. Ranar 3 ga Yuli 2025 duniyar ƙwallo ta yi rashi biyu a yini ɗaya. Diogo Jota na Liverpool, mai shekara 28, ya rasu a hatsarin mota tare da ƙanensa André Silva a lardin Zamora na Sifaniya. Peter Rufai kuma, golan da Najeriya ta ci kofin Afirka da shi a 1994, ya cika yana da shekara 61. Jama'a da dama da suka saka hotunansu sun rubuta "yabon gwani ya zama dole" a ƙasa, wasu kuwa suka mayar musu da "ihu bayan hari". Ina roƙon masana su raba mana gardama. Ana yi wa mamaci karin maganar farko, ko ta mai rai ce? Ta biyun kuma ba ta yi tsauri ba a lokacin makoki?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam, Ɗan Raga. Ana yi wa mai rai, ana yi wa mamaci, ba nan gizo ke saƙar ba. Abin dubawa shi ne bakin da ta fito. Wurinta na asali shi ne inda mai magana ba shi da niyyar yabo, amma aikin da ya gani ya fi ƙarfin son ransa. Ɗauki Maradona. Ranar 22 ga Yuni 1986 a filin Azteca ya ci Ingila biyu, ta farko da hannu, ta biyu kuwa ya ɗauko ƙwallo tun daga rabin filinsu ya yanke 'yan wasa har da gola. Da ya rasu ranar 25 ga Nuwamba 2020, Baturen Ingila da ya yaba ƙwallo ta biyun nan shi ne ya fi kowa cancantar faɗin karin maganar. In ɗan Ajantina ya faɗe ta bai yi kuskure ba, sai dai ba ta da nauyi, don ba wanda ya tilasta shi. Haka ma Jota: a bakin mai goyon bayan Everton, abokiyar hamayyar Liverpool, ta fi zama daram.

Sharaɗi na biyu, sai an ambaci gwanintar. Hoto da karin magana kawai ba yabo ba ne.

Hajiya Mai Sharhi: Malam, wannan sharaɗin na biyu shi ne inda aka fi faɗuwa. Mai son yabon mamaci ya fara tabbatar da rasuwar daga iyali, ko wakilinsa, ko ƙungiyarsa, kafin ya rubuta komai. Christian Atsu, ɗan ƙwallon Ghana, ya isa misali. Girgizar ƙasa ta auku a Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu 2023, washegari labari ya bazu cewa an zaƙulo shi da rai, har mutane suka shiga yi wa juna barka. Ashe ba shi ba ne. Sai ranar 18 ga watan aka gano gawarsa a Antakya, ƙarƙashin ginin da yake zaune. Ku duba halin da iyalinsa suka shiga a waɗannan kwanakin. Magana zarar bunu ce, kuma a intanet ta fi saurin fita.

Daga nan sai lissafi. Pelé ya rasu ranar 29 ga Disamba 2022 yana da shekara 82, kuma aka yi ta rubuta cewa ya ci ƙwallo sama da 1,200 ba tare da bayani ba. Wannan adadin ya haɗa da wasannin sada zumunci da na yawon buɗe ido da ƙungiyarsa Santos ta riƙa yi. In wasannin gasa kaɗai za a ƙirga, 700 da ɗoriya ne. Duka biyun ana iya kawowa, amma a faɗi wanne ake nufi, in ba haka ba ta'aziyya ta koma musu tsakanin masoyansa da na Messi da na Ronaldo. Abin da ba mai ja a kai shi ne kofin duniya uku, 1958 da 1962 da 1970, kuma har yau ba ɗan wasan da ya kamo shi. Da wannan ya kamata a fara.

Sannan a duba hoto da kyau. Sau da yawa ana ɗora hoton wani mai kama da mamacin, ko mai suna irin nasa, alhali yana nan da ransa.

Gaskiya Ɗaci: Hajiya, duk na ji, amma ni ina nan kan "ihu bayan hari". An yi wa tawagar su Rufai alkawarin gidaje bayan sun ɗauko kofi a Tunisiya a 1994. Sai a watan Yuni 2021 aka amince a cika wa mafi yawansu. Kafin nan Uche Okafor ya rasu a 2011, Rashidi Yekini a 2012, Thompson Oliha a 2013, Wilfred Agbonavbare a 2015, Stephen Keshi a 2016. Mutum biyar. Yekini ne ya ci wa ƙasarsa ƙwallon farko a gasar kofin duniya, kuma ƙwallayensa 37 sun daɗe ba a kamo su ba. Kowane ɗayansu an yi masa jawabai masu daɗi ranar da ya tafi. In wannan ba ihu bayan hari ba ne, to mene ne?

Malam Mai Alli: Shi ne kuwa, ƙanena, ban musa maka ba. Amma lura da abin da ya sa ta zauna a misalinka. Akwai lokacin da ihun zai yi amfani, akwai kuma wanda ke da ikon yi bai yi ba. In babu waɗannan biyun, karin maganar ba ta da mazauni. Jota ya ɗaga kofin Firimiya a watan Mayu, ya ci kofin Nations League da Fotugal a watan Yuni, ya yi aure ranar 22 ga Yuni, magoya baya na rera waƙarsa tun yana raye. Wane hari aka yi sakaci da shi? Wanda ya jefa wa mai kukan Jota wannan maganar ya zalunce shi. Kuma ko a inda ta dace, ga mai iko ake nufa da ita, ba ga yaron da ya saka hoto don zuciyarsa ta karye ba.

Alƙalin Wasa: Bari in ƙara wa Malam ƙarfi da waɗanda aka yaba tun suna ji da kunnensu. Filin Rei Pelé da ke Maceió a 1970 aka buɗe shi. Napoli, tsohuwar ƙungiyar Maradona, ta jingine riga mai lamba 10 a 2000, wato ta daina bai wa kowa ita, shekara ashirin kafin rasuwar Maradona, sannan aka sauya wa filin San Paolo suna zuwa nasa a Disamba 2020. Manchester United ta sa wa ɓangaren kudu na Old Trafford sunan Bobby Charlton a 2016, ya rasu a Oktoba 2023. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Lakers ta jingine lambobi biyu na Kobe Bryant, 8 da 24, a Disamba 2017. Waɗannan in aka sake yabonsu bayan mutuwa, ɗorawa aka yi a kan abin da aka fara.

Tun da ana maganar yadda ake karramawa, akwai ƙa'idojin da masu kallo ba su cika sani ba. Ƙungiya na iya jingine lamba, amma ƙasa ba ta da wannan damar a gasar kofin duniya. Ajantina ta nemi ajiye lamba 10 kafin gasar 2002, FIFA ta ƙi, saboda dokar gasar ta ce lambobi su tashi daga 1 zuwa 23 a jere. Cire riga wajen murnar ƙwallo kuwa katin gargaɗi ne ko mene ne dalilin. Messi ya ci Osasuna ranar 29 ga Nuwamba 2020, ya tuɓe rigar Barcelona ya nuna ta Newell's Old Boys mai lamba 10 don tunawa da Maradona, wanda ya taɓa buga wa ƙungiyar. Alƙali ya ba shi kati, aka kuma ci shi tarar Yuro 600. Alƙalin bai yi laifi ba, hannunsa a ɗaure yake.

Shirun minti ɗaya da baƙin ƙyalle a dantse, ana neman izinin masu shirya gasa tun kafin ranar wasa. 'Yan wasa su jeru a da'irar tsakiya, usur ya buɗe, usur ya rufe. Inda ake fargabar wasu 'yan tsiraru za su ɓata shirun da ihu, sai a zaɓi tafi na minti ɗaya, don tafin dubban mutane yana danne bakin mutum goma. Wanda ya fi burge ni shi ne na ƙwallon kwando ranar 26 ga Janairu 2020, ranar da Kobe Bryant ya rasu. Ƙungiyoyi suka riƙa riƙe ƙwallo da gangan har daƙiƙa 24 na kai hari su ƙare, wasu kuma suka ƙi tsallaka rabin fili har daƙiƙa 8 su cika. Da dokar wasan kanta aka yi wa Kobe ta'aziyya.

'Yar Kallo: Baba Malam, ina da tambaya. In yabon ya zama dole, ke nan rufe laifi ma ya zama dole? Wasan Maradona na ƙarshe a rigar Ajantina shi ne wanda suka ci Najeriya 2-1 ranar 25 ga Yuni 1994, bayansa gwaji ya nuna ephedrine a jikinsa aka kore shi daga gasar. Kafin nan an dakatar da shi wata 15 a 1991 kan hodar iblis. Mai rubuta tarihinsa ya tsallake wannan?

Malam Mai Alli: A'a, 'yata. Karin maganar kan gwaninta ta tsaya, ba ta ce mutum waliyyi ba ne. Kina iya cewa ba a yi mai sarrafa ƙwallo da ƙafar hagu kamarsa ba, kin faɗi gaskiya, ba ki kuma wanke shi daga komai ba. Bambancin yana ga irin rubutun. Saƙon ta'aziyya na ranar farko ba wurin tone-tone ba ne, akwai 'ya'yansa suna karantawa. Cikakken tarihin rayuwa kuwa dole ya kawo 1991 da 1994, da kwanan wata da hukuncin da aka yanke, ba tare da zagi ba. Wanda ya cire su ya yi wa mai karatu ƙwange.

Hajiya Mai Sharhi: A ɓangaren fim matsalar juyawa take yi, a ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba. Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta rasu ranar 9 ga Afrilu 2024. Ta yi suna ne da fitowa a masifaffiyar mace, kuma iya wannan rawar ita ce gwanintarta. Mai yabo ya ce ta iya, kada ya ɗauki halin fim ya liƙa mata. Chadwick Boseman kuma, jarumin fim ɗan Amurka, watanni kaɗan kafin rasuwarsa a Agusta 2020 an yi ta yi masa ba'a kan ramar da ya yi, ba a san tun 2016 yake fama da sankarar hanji ba, yana aiki yana jinya. Waɗanda suka yi dariyar suka dawo suna yabo, su kam ban hana Gaskiya Ɗaci ya karanta musu karin maganarsa ba.

Akwai kuma wanda "gwani" ta yi masa kaɗan. Dikembe Mutombo ya rasu ranar 30 ga Satumba 2024. Sau huɗu yana zama gwarzon mai tsaron baya a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, amma asibitin da ya gina a Kinshasa da sunan mahaifiyarsa, wanda aka buɗe a 2007, ya fi wannan girma. A kansa ni "alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza" zan ɗauko.

Gaskiya Ɗaci: To na sassauta kan Jota. Amma ga ta uku da ke ci mini tuwo a ƙwarya: "mutuwa rigar kowa". Gaskiya ce, sai dai ana amfani da ita a toshe bakin mai tambaya. Junior Pope, jarumin finafinan Nollywood, ya nutse a kogin Neja ranar 10 ga Afrilu 2024, suna dawowa daga ɗaukar fim a kwalekwale, ba rigar kariya a jikinsa. Wanda ya ce me ya sa, sai a ce masa mutuwa rigar kowa.

Malam Mai Alli: Wannan maganar ta rarrashi ce. Ga wanda aka yi wa rashi ake faɗa, don ya san ba shi kaɗai ba ne. Ba a yi ta don mai alhakin tsaro ya fake a bayanta ba. Kana iya faɗa wa matar mamaci ita da safe, da yamma ka tambayi mai shirya fim rigunan kariya nawa ya tanada, ba ka saɓa wa kanka ba.

Alƙalin Wasa: Kuma tambayar tana haifar da gyara. Hatsarin da ya ci Kobe da 'yarsa Gianna da wasu mutum bakwai, hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka ta fitar da sakamakonsa a Fabrairu 2021: matuƙin jirgin mai saukar ungulu ya kutsa cikin gajimare alhali ƙa'idar tafiyar ta gani da ido ce, ya rikice har ya zaci sama yake yi alhali ƙasa yake gangarowa. A ƙwallon ƙafa, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a fili a Lyon ranar 26 ga Yuni 2003, bincike ya nuna kaurin tsokar zuciya ne. Daga gasar kofin duniya ta 2006 FIFA ta shigo da gwajin lafiyar 'yan wasa kafin gasa, har da na zuciya, sannan na'urar farfaɗo da bugun zuciya ta zama kayan aikin bakin fili. Alamar da ake koya wa alƙalai da likitoci ita ce ɗan wasa ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, kuma ba ya amsawa. Nan ba a jiran wasa ya tsaya, a fara danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, wani ya rugo da na'ura. Haka aka yi wa Christian Eriksen na Denmark da ya faɗi a fili a Copenhagen ranar 12 ga Yuni 2021, kuma a Fabrairu 2022 ya dawo fili a rigar Brentford.